Murya tata, suna na wani: Ina kundin zafafan waƙoƙin mawaƙanmu mata?



Kafin ka ci gaba da karatu, ɗan buɗe wurin waƙoƙin da ke wayarka. Ke ma 'yar uwa, buɗe taki. Ku zaɓo waƙoƙin Hausa goma da kuka fi so waɗanda akwai muryar mace a ciki, ku duba sunan da ke jikin kowace. Na san abin da za ku tarar. Wata an rubuta mata Track 07. Wata doguwar lamba ce da ta fara da AUD, don ta WhatsApp ta shigo. Wata sunan fim, wata sunan namijin da aka yi waƙar da shi, wata kuma sunan jarumar da ta hau waƙar ta yi rawa. Cikin goman nan, nawa ne ke ɗauke da sunan wadda ta buɗe baki ta rera? In kun samu uku, wallahi wayarku ta yi ƙoƙari.

Abin da ya sa na tayar da maganar shi ne wani irin albam da ake yi a kasuwar waƙa ta duniya, wanda Turawa ke kira Greatest Hits. Mu kira shi kundin zafafa. Idan mawaƙi ya daɗe yana aiki, sai a tsamo waƙoƙinsa da suka fi tashe a haɗa su a faifai guda. Ana danganta farkon wannan al'ada da faifan Johnny Mathis na 1958 a Amurka, amma mata sun zo daga baya sun ci kasuwar sosai.

A 1990 Madonna ta fitar da The Immaculate Collection, waƙoƙi 17, tsofaffi 15 da sababbi biyu. Ya sayar da kwafi fiye da miliyan 30. A 1998 Mariah Carey ta fitar da nata mai suna #1's, inda ta jera waƙoƙinta 13 da kowace ta taɓa hawa lamba ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka. Shekara ta zagayo, Celine Dion ta saki All the Way… A Decade of Song a 1999, ciki har da waƙar fim ɗin Titanic da yayyenmu suka sha a kaset ko da ba su jin Turancin, sannan ta tafi hutu na wasu shekaru ta bar faifan yana yi mata aiki. Whitney Houston kuma nata ya fito a 2000, faifai biyu a kwali ɗaya: ɗaya na waƙoƙi masu sanyi, ɗaya na rawa.

Ku lura da wani abu. Na Madonna da na Mariah da na Celine duk a watan Nuwamba aka sake su, dab da hidimar ƙarshen shekara, lokacin da mutanensu ke sayen kyaututtuka. Kamar dai a ce ɗan kasuwa ya ɓoye atamfa sai azumi ya raba tsakiya. Kamfani ba ya kashe kuɗin situdiyo mai yawa, don waƙoƙin suna ajiye tuntuni. Ribar kusan tsura ce. Ita mawaƙiyar tana samun kasonta a kan kowane kwafi. Amma abin da ya fi burge ni ba kuɗin ba ne, 'yar takardar nan ce da ake sakawa cikin kwalin: kowace waƙa da shekarar da ta fito, da wanda ya rubuta, da wanda ya haɗa kiɗa. Hotonta a gaba, sunanta da manyan baƙaƙe. Shaidar aiki ce wadda jikanta zai iya ɗauka ya nuna.

Namu kundin yana shagon mai turi

To mu dawo gida. Mawaƙa maza na zamani, irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef, sun saba da sakin albam mai suna, har masoya na jiran shigowar sabuwar shekara don su ji abin da za a kawo. Wanda yake son ya bi tarihinsu yana da tsani da zai taka. Mata fa? Ku lissafa da ni: Rabi Mustapha, Fati Nijar, Maryam A. Baba da aka fi sani da Sangandale, Maryam Fantimoti, Zuwaira Isma'il, Murja Baba, Hairat Abdullahi. Waɗannan muryoyi su suka yi mana rakiya daga firamare har jami'a, su ne a bikin yayyenmu, su ne a motar haya daga Sakkwato zuwa Wurno. Waƙoƙin da suka yi tashe da bakinsu sun ishi kowace ta cika faifai biyu irin na Whitney. Amma ka shiga kasuwa ka ce a ba ka kundin zafafan ɗayarsu, wanda ita ta zaɓa da kanta, da hotonta da shekaru a jere, ka ga yadda za a dube ka.

Ba wai babu kundin ba ne ɗungum. Akwai shi, sai dai a hannun mai turi yake. A Rabah, a Goronyo, a Achida ranar kasuwa, za ka ga rumfar mai cajin waya, ga janareto ko sola a gefe, ga tsohuwar kwamfuta a kan tebur. Ka miƙa memori da 'yan kuɗi kaɗan, ka ce "a sa min na mata masu daɗi", ya buɗe folda ya juye maka. Shi ne kamfanin, shi ne edita, shi ne jadawalin Billboard ɗinmu. Waƙar da mutane suka fi tambaya ita ke zama a foldar, wadda aka daina nema ya goge ta don ya samu wuri.

Kada ku yi zaton zagin masu turi zan yi. Ni na san darajarsu. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga, har da Rabah da Goronyo, duk masu taƙama da YouTube da Audiomack shiru suka yi. Wayar da aka saya da tsada ta koma tocila da agogo. Abin da ya rage yana magana a ɗakunan mata da majalisun samari shi ne memori da 'yar rediyon nan mai cin memori. Ko ba a katse komai ba, mai noman albasa a bakin madatsar Goronyo ba zai ƙona data a kan waƙar da zai ji sau hamsin ba. Mai turi ya fi duk wani kamfani sanin kunnen mutanenmu.

Matsalar ita ce abin da ke zubewa a hanya. Suna ne ke fara faɗuwa. Daga situdiyo a Kano zuwa kwamfutar dillali, daga nan zuwa Xender da Bluetooth, waya zuwa waya, kowa na sauya wa waƙar suna yadda ya ga dama. Shekara ta bi bayansa, har ka ga waƙar da ta girmi ƙanwarka tana zaune cikin foldar "sababbi". Sauti ma yana raguwa, don an matse waƙar an sake matsewa, wani DJ kuma ya buga sunansa a tsakiyar baiti kamar shi ya haife ta. Kuɗi kuwa ba a ma maganarsa. Cikin abin da ka biya a rumfar nan, ko sisi ba ya komawa wurin mai muryar.

"Mai amshi"

Don a gane yadda aka yi haka, sai an duba yadda ake yin waƙar fim. Furodusa ke ba da aiki. Akwai marubucin waƙa, wanda galibi shi ne namijin da zai rera. Akwai mai fiyano da ke haɗa kiɗa. Sai a kira mace ta zo ta ɗora murya, a biya ta na ranar, ta tafi. Ko da rabin baitocin nata ne, ko da muryarta ce ta sa waƙar ta shiga zuciyar mutane, sunan da ake ba ta shi ne "mai amshi". Ku ji kalmar da kyau. Amshi a gargajiyance aikin 'yan baya ne, masu maimaita abin da uban waƙa ya faɗa. Wadda ke musayar baiti da baiti da namiji daga farko har ƙarshe ta wuce amshi, amma sunan ya manne, kuma farashi yana bin suna.

Daga nan sai fim ya fito, wata fuskar ta hau muryar. Ka tambayi duk wanda ya tashi a farkon shekarun 2000 game da Sangaya, nan take zai ce maka Ali Nuhu da Fati Muhammad. Ka ce to su wa suka rera, sai a fara sosa ƙeya. Asalin waƙar kuma, wato wanda aka ɗauka kafin a matse shi, yana cikin kwamfutar situdiyo. Kwamfuta ta mutu, situdiyo ya tashi, shi ke nan. Mawaƙiyar da ta so haɗa kundinta yau sai ta bi furodusoshi goma tana neman izini, ta bi situdiyo goma tana neman asali. Ga kuma abin da muka sani duka: da yawa daga cikinsu aure ko yanayin rayuwa kan ɗauke su daga harkar. Celine Dion ta tafi hutu faifanta na kawo mata kuɗi. Tamu in ta tafi, ta tafi da hannu biyu.

Abin haushin shi ne Indiyawan da muka kwaikwayi wannan salo a wurinsu sun sha irin wannan rigima tun kafin a haifi iyayenmu. A 1949 an yi fim mai suna Mahal, Madhubala ce jaruma. Waƙar da ta fi tashe a fim ɗin, da aka buga ta a faifan garmaho, sai aka rubuta sunan Kamini a jiki, wato sunan da jarumar ta fito da shi a labarin. Masu sauraro suka dinga aika wasiƙu gidan rediyo suna tambaya wace ce mai wannan murya, har aka sanar da sunanta: Lata Mangeshkar. Daga baya ta tsaya kai da fata sai an riƙa ba masu rera waƙar fim kaso daga cinikin faifai, abin da ya haɗa ta faɗa da Mohammed Rafi har suka yi shekaru ba su waƙa tare. Ta rasu a watan Fabrairun 2022, kuma yau tarin zafafanta ba ya ƙirguwa. Mun ɗauko rawar, mun ɗauko siririyar muryar, mun bar faɗan neman suna a can. Kuma ku lura, ba kamfani ne ya fara fito da sunanta ba. Masu sauraro ne, da tambaya.

Barmani da waɗanda suka riga ta

Lamarin Hajiya Sa'adatu Barmani Choge daban ne, shi ya sa ma ya fi ciwo. Ita ba mai amshin kowa ba ce. Ita ce uwar waƙa, ita ke da 'yan amshinta da masu buga mata ƙwarya. 'Yar Funtuwa ce, ta ɗauki kiɗan amada daga tsakar gida ta kai shi manyan dandali, tana yi wa mata magana a kan sana'a da kishi da haihuwa da neman na kai, da bakin da ba ya jin tsoro. Ko yau aka saki "Sakarai Ba Ta Da Wayo" a gidan biki, sai kin ga gwaggonki ta ajiye mayafi. Ta rasu a 2013. Idan akwai macen da ta cancanci kundi irin na Madonna a ƙasar Hausa, ita ce. Amma abin da ke yawo a wayoyinmu gutsattsari ne: wanda aka kwafo daga tsohon kaset, wanda aka yanko daga bidiyon biki da hayaniyar masu liƙi, wanda wani ya ɗora a YouTube da sunan tasharsa. Uwaliya Mai Amada ta Kano, wadda ta riga ta shahara, yaranmu da yawa ko sunanta ba su taɓa ji ba.

Wani abin da zai ba ku mamaki, ko kunya: wasu daga cikin tarin muryoyin matanmu da aka yi da tsari, a waje aka yi su. A 2004 wata malamar jami'a 'yar Amurka, Beverly Mack, ta buga littafi mai suna Muslim Women Sing a kan mawaƙa mata na ƙasar Hausa irin su Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu da Binta Katsina, kuma an haɗa littafin da faifan CD. A 2013 wani ƙaramin kamfani na birnin Portland, Sahel Sounds, ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin fina-finan Hausa, da Fati Nijar a ciki da sunanta a rubuce. Baturen da ya sayi faifan ya san wa yake saurare. Ɗan Rabah da ya haddace waƙar tun yana yaro bai sani ba.

Mai wannan kamfani, Christopher Kirkley, akwai labarinsa da ya shafe mu kai tsaye. Ya zauna a Kidal ta ƙasar Mali yana kwafar waƙoƙi daga memorin mutane, irin turin da muke yi. Sai ya ƙi tsayawa nan, ya bi diddigin masu waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, ya fitar da Music from Saharan Cellphones a 2011 da sunayensu, yana ba su kaso. Cikin waɗanda ya gano har da Mdou Moctar, mai jita ɗan Nijar da yanzu ke zagaya duniya. Kun san inda Mdou ya ɗauki albam ɗinsa na farko a 2008? A nan Sakkwato. Waƙarsa ta shekara tana yawo a wayoyi, sai da wani ya damu ya tambaya.

Mu 'yan wannan yanki ma bai kamata a koya mana amfanin adana aikin mace ba. Ba ina haɗa malama da makaɗa ba ne, a fahimce ni, matsayi daban-daban ne. Amma Nana Asma'u 'yar Shehu, ƙanwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ke kwance a Wurno, ta rasu tun 1864, kuma har yau ana karanta waƙoƙinta na Fulatanci da Hausa da Larabci, an san nata ne, da yawa ma an san shekarar da ta rubuta su. Dalili? Gidan Waziri sun adana takardun, jajis da 'yan taru sun riƙe su a ka suna kai wa mata ƙauye-ƙauye, har Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara su a littafi guda a 1997. Aikin da aka yi da tawada da alƙalamin kara ya tsira da sunan mai shi shekara fiye da 150. Wanda aka yi da kwamfuta shekara 15 da suka wuce ya koma Track 07.

Na san wani zai ce ai zamanin albam ya wuce, yanzu kowa jerin waƙoƙinsa yake haɗawa a Spotify ko Boomplay. Gaskiya ne, kuma nan ne ma asarar ta fi girma. Manhajojin nan da suna suke aiki. Sunan da aka rubuta a jikin waƙa shi ake buɗe wa shafi, shi ake ƙirga wa masu sauraro, shi ake tura wa kuɗi. Wadda ba a rubuta ba, a wurin manhaja ba ta taɓa yin waƙa ba. TikTok kuwa ya fi kowa iya shafe sawu: ka yanko daƙiƙa 20 ka ɗora, sautin ya koma da sunanka, mutum dubu su hau shi suna kwaikwayo, kowa na yaba wa mai rawa.

Wani kuma zai ce su yi irin na Taylor Swift mana, wadda da aka sayar da asalin faifanta a 2019 ba da sonta ba ta koma situdiyo ta sake rera su. Ita tana da hannu a rubuta waƙoƙinta, shi ya ba ta wannan dama. Mawaƙiyar fim da aka miƙa wa takarda ta rera, sai marubuci da furodusa sun yarda. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ware wa mai rerawa nasa haƙƙi daban da na marubuci, amma doka a takarda ba ta bin mutum situdiyo in an saba gama ciniki da fatar baki. Maganar halacci ko haramcin waƙa kuma na bar wa malamai, ba fagena ba ne. Abin da na sani kawai, wanda ya yarda ya saurara har ya tura wa abokinsa ba shi da hujjar ɓoye sunan mai aikin.

Hanyar da nake gani ta fi kusa da mu ita ce ta memorin da kansa. A 2017 kamfanin Saregama na Indiya ya fito da wata 'yar rediyo mai suna Carvaan, an zuba mata tsofaffin waƙoƙi 5,000 a ciki, ba ta buƙatar intanet, kana iya latsa sunan Lata ko na Asha Bhosle ka ji nata zalla. Rediyonmu mai memori ke nan, sai dai da izini da tsari. Me zai hana Fati Nijar, ko iyalan Barmani, su haɗa kai da masu haƙƙi a fitar da folda guda mai waƙa 20, sauti mai kyau, hoto da suna da shekara a jikin kowace, a sayar wa ƙungiyoyin masu turi a kan kuɗin da aka yi yarjejeniya? Mai turi ba zai ƙi kaya mai kyau ba, kwastomansa ne za su fara nema.

Kafin a kai can, akwai abin da ke hannunka yau da dare. Danna waƙar nan ka riƙe, ka sauya mata suna, ka sa na mai rerawa kafin ka tura wa wani. In za ki ɗora bidiyon lalle ko na kamu, rubuta sunan mai muryar a ƙasa. In ba ki sani ba, tambaya a wurin sharhi, cikin awa ɗaya za a samu ɗan Kano da zai faɗa miki har da sunan situdiyo. In kuna aika saƙo shirin zaɓi sonka a Rima Radio, ku nemi waƙa da sunan macen, ku ga ko mai gabatarwa ba zai fara nemowa ba. Waɗanda za su je gida hutu kuma, a Rabah ko Wurno ko Gandi, ku zauna da kakanninku mata ku tambaye su wace ce ke yi musu kiɗan ƙwarya ranar bikinsu, 'yar wace unguwa ce, wace waƙa ce tata. Ku kunna rikodar waya kafin ku yi tambayar, don in tsohuwa ta tuna sunan, yawanci ba ta tsayawa nan, sai ta rera.